Tafintan Ummi

Daga Allah muke, gare shi kuma surukina ya koma, ranar wata Talata da hantsi, a gidansa na Kurudu, a gefen Abuja. Mahaifin mijina ne, Baba muke ce masa. Ko da al'ada ba ta hana ni faɗin sunansa ba, babu amfanin faɗa, domin daga Karu har Orozo idan ka ce Baba Tafinta an san wanda kake nufi.

Masu zuwa gaisuwa duk abu ɗaya suka fara lura da shi, wato shiru. Mutum zai yi sallama a ƙofar gida yana jiran a amsa masa tun bai rufe baki ba kamar yadda aka saba, sai ya ji sallamarsa ta kai ƙarshe lafiya lau, babu wanda ya tare ta a hanya. A nan da yawa suka fara share ido. Limamin unguwa ya ce shekara da shekaru yana addu'a a gidan nan, bai taɓa jin ƙarshen addu'arsa da kunnensa ba sai ranar, don Baba yakan shafa tun ana tsakiya. Wani dattijon Gbagyi da gonarsa ke bayan katangarmu ya zauna a tabarma ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya ce da Hausarsa ta Kurudu, “Wannan mutum ta tafi da magana duka. Yanzu wane ne za ta gaya mana abin da muna so mu faɗa?” Aka yi dariya, aka kuma yi istigfari.

Goggo, ƙanwarsa da ta zo daga Zariya, ita ta fi ba ni tausayi. Ta fara ba mata labarin ƙuruciyarsu, ta kai tsakiya ta dakata, don a daidai wurin ne kullum yake ƙwace labarin ya gyara mata shi. Ta jira, babu wanda ya ƙwace. Ta ce, “To ni ban ma san yadda yake ƙarewa ba,” ta ja gyale ta rufe fuska.

Ni kuwa saboda 'yata Ummi na zauna rubuta wannan. Kowa zai tuna Baba da surutu, kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Amma akwai wani aiki da ya ɗauka a ƙarshen rayuwarsa wanda ya fi masa wuya a kan duk wanda gwamnati ta taɓa sa shi, kuma wadda aka yi dominta ba za ta iya ba da labarin da bakinta ba. Ina tsoron idan ban rubuta ba labarin ya bi shi.

Baba tafinta ne a kotu a Legas, tun gwamnatin tarayya tana can. Yana jin Hausa da Yarabanci da Turanci da Buroka, ya kuma yi imani yana jin wasu harsunan da masu su ba su yarda yana ji ba. Daga baya aka mai da shi wata ma'aikata, kuma da aka ce gwamnati ta tattara ta koma Abuja, yana cikin waɗanda aka haɗa da kayan ofis. A faɗarsa, shi ya rako kujerar Ogansu a bayan tirela, yana rungume da ita tun daga Legas don kada ta karye. “Ni na kawo muku gwamnati garin nan,” haka yake cewa. “A cinyata ta zo.” Duk lokacin da ya ba da labarin sai hanyar ta ƙara tsawo. Sa'ad da aka kawo ni gidan, tirelar a Lokoja kawai take lalacewa. Kafin ya rasu har ta fara bi ta Makurɗi, an kuma ƙara mata 'yan fashi.

Da ya yi ritaya ya ƙi komawa gida. Ya yi gini a Kurudu tun ana noma doya a inda shaguna suke yanzu, ya ci gaba da aikinsa ba albashi. Ba ruwansa da ko kana buƙatar tafinta. Bahaushe da Bahaushe za su tsaya suna magana, sai ka ji ya kutso da, “Abin da yake nufi shi ne…” Ni kaina na taɓa ce wa mijina kananzir ya ƙare, sai muryar Baba ta fito daga tsakar gida: “Abin da take nufi shi ne ka cika daɗewa a majalisa.” Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage. Abin haushin kuma, abin da nake nufi ke nan.

An taɓa kiransa Orozo sasanta rikicin iyakar gona tsakanin wani Bakano da ya sayi fili da wani manomi ɗan garin da Hausarsa ba ta nuna ba tukuna. Manomin ya nuna Bakanon da yatsa ya zazzaga masa abin da kowa a wurin ya san zagi ne. Baba ya gyara hula ya ce, “Ya ce yana yi maka barka da zuwa, kuma ba ya son a ga maƙwabta tsaye a rana saboda ɗan taƙin ƙasa.” Bakanon ya mayar da nasa zagin, Baba ya wanke shi tas kafin ya miƙa. Suka rabu da musabaha. Bayan shekaru manomin ya iya Hausa sosai, suka zauna suka gwada abin da kowa ya faɗa a ranar, suka taso tare har gida su yi wa Baba ƙorafi. Ya sa aka kawo musu tuwo. Ya ce, “Ni ba a ɗauke ni aikin dakon zagi ba. Ku ci, sannan ku zagi juna da kanku.” A kan babur ɗaya suka zo jana'izarsa.

Ummi ce 'yata ta fari. Na sha doguwar naƙuda, ta fito ba ta yi kuka da wuri ba, kuma da watanni suka tafi muka ga wuyanta bai tsaya ba, hannuwanta a dunƙule, jikinta yakan sandare idan ta yi murna ko ta firgita. Likitoci suka ce wahalar haihuwar ta taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ba gaɓoɓi umarni. Mutanen unguwa suka ce galahanga, suna rage murya. Hannunta ba ya zuwa inda ta aike shi, harshenta ma haka. Sauti tana yi, dariya tana yi, kalma ce ba ta fitowa.

Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi, shi kuma yake ce mata Uwata. Tun tana zanin goyo ya yanke hukunci cewa tana jin komai. Wata 'yar uwarmu ta taɓa zuwa ta zauna kusa da ita tana cewa irin waɗannan ba su san ma inda suke ba, Allah dai ya ba da ladan jinya. Baba ya ɗauki takalman matar da hannunsa ya kai su ƙofar gida, ya dawo ya ce, “Uwata ta ce ki gaida mutanen gida.” Ranar na ji zan iya yi masa komai a duniya.

Daga nan ya naɗa kansa tafintanta. Ni da mijina da asuba muke fita aiki cikin gari don mu riga cunkoson Nyanya, shi yake wuni da ita, saboda haka babu mai ja da fassararsa. Ummi za ta ƙifta ido sau ɗaya, Baba ya fitar da jawabi mai gabatarwa da kammalawa. “Uwata ta ce a rage mai a miya, kuma ta ce ɗan nan nawa bai gaishe ta da kyau ba yau.” Da likita ya hana shi sukari, nan da nan Uwata ta fara damuwa da shayinsa: “Ta ce ba ta jin daɗin ganin ɗanta yana shan ruwan zafi kamar fursuna. A sa cokali ɗaya don ita.” Idan ana kallon abin da ba ya so, Uwata ce ke cewa a canja tasha.

Kullum da safe kuwa shi da hannunsa yake ba ta kunun gyaɗa. Zai ɗebo a cokali ya ce, “Uwata, a ƙara?” Ita kuma sai ta sunkuyar da kai gefe. Sai ya dube mu da alfahari. “Kun gani? Kunya irin ta mutanen da. Mahaifiyata ma haka take, ba ta taɓa cewa tana son abu da baki ba, sai dai ta sunkuyar da kai.” Ya ƙara mata. Ni da mahaifinta mun daɗe muna ɗan zargin wani abu, amma ban ga surukar da za ta gyara wa surukinta fassara ba, balle wanda ya yi wa alƙalai.

Da ta isa shiga makaranta, muka sami wata da ke karɓar yara irinta, aka ce sai an fara kai ta asibiti an duba yadda take isar da abin da ke ranta. Wadda ke wannan aikin wata matashiya ce 'yar Jos. Likita muke ce mata, ko da yake ta sha gaya mana ita ba likita ba ce, aikinta maganar yara. Baba ya sa babbar rigar da yake zuwa kotu da ita, ya ce ba a kai shaida gaban hukuma ba tafinta.

Likita ta zaunar da Ummi a kujera mai tallafe jiki, ta ajiye kofi a hagu, cokali a dama, nesa da juna. Ta ce, “Ummi, ina kofi? Duba shi da idonki.”

“Ga shi nan hagu, Uwata,” in ji Baba.

“Baba, don Allah, ita na tambaya.”

“Ai ita ce ta amsa. Ni isarwa kawai na yi.”

Ta sauya musu wuri ta sake tambaya. Ya sake isarwa. Ta roƙe shi ya ɗan jira a waje, ya fita yana gyara riga. Ta ce, “Ummi, ina cokali?” Sai muka ji murya ta taga, a hankali kamar mai raɗa a masallaci: “Dama, Uwata, dama.” Ta tashi ta rufe tagar. Bayan nan tari ya kama shi, tari mai tsari, ɗaya idan hagu ne, biyu idan dama.

Ta buɗe ƙofa ta shigo da shi, ta ba shi kujera, ta yi masa bayani cikin ladabi. Ta ce tana so ta san ko Ummi tana fahimtar abin da aka faɗa mata, ko tana da eh da a'a nata, da ido ne ko da kai ko da murya, ko takan fara magana da kanta ba sai an tambaye ta ba. Babba a ciki kuma, ko wanda bai san ta ba zai iya gane ta. “Yara irin Ummi, amsar tana nan a ciki, jikin ne ke da gosulo. Kai da ka zauna Legas ka san gosulo, Baba. Motar tana zuwa, sai dai a ba ta taim. Idan ka amsa kafin tata ta iso, ni taka zan ji, ba tata ba.”

Baba ya miƙe zaune. “'Yata, na yi wa alƙalai masu hular gashi tafinta tun ba a haifi mahaifiyarki ba. Babu wanda ya taɓa rufe mini taga.”

“Na yarda, Baba. To ranar da ba ka nan fa? Wa zai ji ta?”

Daga asibitin har Kurudu bai ce uffan ba. Mijina yana tuƙi yana leƙensa ta madubi, yana tsoron ko hawan jini ne. Ni kuwa tambayar ta zauna mini a ƙirji, don na daɗe ina yi wa kaina ita, ban dai taɓa jin ta da ƙarfi ba. Da muka sauka ya tsaya a bakin ƙofa, yana kallon katanga kamar yadda yake yi idan da ni yake, ya ce, “Yarinyar nan ba ta da kunya. Amma ta yi tambaya.”

Likita ta ce mana idan baƙo ya zo gida mu bar shi ya gwada magana da Ummi shi kaɗai, mu zo mu gaya mata yadda aka yi. Ta ce ita ta saba da yara irinta, mutumin titi take so ta ji labarinsa. Baba ya ji kalmar baƙo, ya mai da ita ofis. Ba zai jira baƙo ya zo ba, shi zai nemo. Ya kawo mai sayar da doya daga Orozo. Ya kawo wani tela Bayerabe. Ya kawo ɗan acaɓan da ya ɗauko shi daga kasuwar Masaka. Wani ma'aikacin wutar lantarki ya shigo duba mita, bai fita ba sai bayan la'asar.

Matsalar ita ce Baba bai san yadda ake shigo da baƙo gida a bar shi haka ba. Baƙo sai an ba shi ruwa, sai an kawo abinci, kuma ba a barin mutum ya ci shiru kamar a gidan yari. To ana ci ana hira, hira kuma takan fara daga tirela, ta biyo ta Lokoja, ta sauka a kan Uwata: abin da take so, abin da ba ta so, ma'anar kowane motsi nata, har da kunyarta irin ta mutanen da. Kafin a kai mutum gaban Ummi ya fi ni sanin tarihinta. Telan nan yana shiga ya durƙusa ya ce, “Mama, sannu o. Yaya kunu na safe?”

Da muka kai wa Likita rahoto, ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce, “Baba, ai ka dafa shi kafin ka kawo. Ɗanye nake so, wanda ba a gaya wa komai ba.”

“Wato in kawo mutum gidana in ƙyale shi cikin duhu?”

“Haka nake so.”

Ya yi alkawari, ya kuma yi niyya har ga Allah, na shaida. Amma da zarar an ajiye kwano sai bakin ya kwance kansa. Kafin damina ta wuce baƙi suka ƙare a Kurudu. Labari kuma ya bazu cewa akwai gidan da ake ciyar da duk wanda bai san mai gidan ba. Ɗan acaɓan Masaka ya sake dawowa da wata hular daban, yana rantsuwa bai taɓa ganin Baba ba.

Dabarar goro shi ya ƙirƙiro ta da kansa. Ya ce wa Likita ta bar shi ya zauna a ɗakin gwaji, zai sa goro guda a baki ba tare da ya tauna ba, idan ta ji maganarsa to ya haɗiye ne, a kira masa likitan gaske. Ta yarda. Ya zauna a kusurwa, kumatu a kumbure, carbi a hannu.

A ranar, Likita ta zo da tambayoyin da kowa ya san amsarsu. Ta nuna ni ta ce, “Ummi, wannan mamanki ce?” Sannan ta yi shiru. Ban taɓa sanin shiru yana da tsawo haka ba. Fanka tana juyawa, Baba yana gumi, gemunsa yana rawa. Can Ummi ta tattaro jikinta ta ɗaga ido sama, tana murmushi. Likita ta nuna Baba. “Wannan fa, mamanki ce?” Ummi ta ƙyalƙyale da dariya har ƙafafunta suka miƙe, sannan a hankali ta sunkuyar da kai gefe. Likita ta ɗaga takalmi ta ce ko kofi ne. Kai ya sauka. Ta ɗaga kofin ta sake tambaya. Ido ya hau sama. Ta juya tambayoyin ta kowace fuska, amsar ba ta kuskure ba.

“To ga shi,” in ji Likita. “Sama eh, ƙasa a'a. Tana da su, kuma da alama ta daɗe da su.”

Na dubi Baba. Carbin ya tsaya. Ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare, ya ciro goron ya riƙe. “Likita, a tambaye ta…”

“Ka tambaye ta da kanka, Baba.”

Ya matso da kujera. “Uwata, kina son kunun gyaɗa?” Ya mayar da goron baki da sauri, ya dafe shi da tafin hannu.

Kan Ummi ya sauka, ya ci gaba da sauka, har haɓarta ta taɓa kafaɗa. Ban taɓa ganin ta kai shi can ba.

Mijina ya fita waje, wai tari ya sarƙe shi. Ni ba ni da damar fita, ba ni kuma da damar dariya a gaban suruki, sai na kafa wa kalandar bango ido ina cizon leɓe. Baba ya tofar da goron a hannu ya ce, “Wato duk kunun nan na shekara da shekaru…” Bai ƙarasa ba, kuma babu wanda ya ƙarasa masa.

Ya yi fushi da ita, fushi na gaske, irin na ɗa da uwa. Yakan wuce ta gabanta ya ce da bango, “Wasu mutane da ba sa son abu, ai sai su faɗa.” Da ya huce sai ya sayo goro ya zauna da ita ya fara bincike, kamar an dawo da tsohuwar shari'a. Taliya, eh. Koko, eh. Jar hular da yake sa mata ran Juma'a, a'a. Rediyo, eh, amma ban da labarai. Labarin tirela da kujerar Oga, a'a, kuma ba ta ɓata lokaci ba. “Uwata ta koma 'yar adawa,” haka yake gaya wa mutanen masallaci, kuma kana ganin fuskarsa ka san alfahari yake. Wata rana ina shanya na ji ya ce, “Uwata, to ni fa, kina…” sai ya dakata, ya dubi ƙasa. “A bar wannan, ba ta cikin aikin Likita.” Ummi ta riga ta ɗaga ido sama, shi ne bai gani ba. Na gaya wa mijina ya gaya masa. Baba ya ce ai ya sani, tun yaushe.

Makarantar ta karɓe ta. Aka yi mata allo mai hotuna da take nuna abin da take so da ido, malamanta kuma Likita ta yi musu bayani tun kafin su gan ta. Baba ya koyi jira, ko da yake kullum kamar ana cire masa haƙori yake yi. Abu ɗaya ne bai taɓa yiwuwa ba, wato ɗanyen baƙo. Muddin yana gidan, babu wanda zai kai ga Ummi bai bi ta hannunsa ba, sai dai yanzu fassarar da aka gyara yake koyarwa. Tambayar Likita ta ci gaba da zama ba amsa har ya tsufa sosai, ya kwanta 'yar gajeriyar jinya, ya tafi.

Kwanakin zaman makoki sun tsorata ni. Gida cike da mutane, kowa ya shigo sai ya shafa kan Ummi ya ce Allah sarki, ya juyo gare ni ya tambaye ni ko ta gane abin da ya faru. Tana zaune a kujerarta ana magana ta samanta kamar ta saman matashin kai. Ni kuma ana ja na nan ana ja na can. Na gani da idona yadda za ta koma, kuma wanda zai kai takalman mutane ƙofar gida ba ya nan.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, wani tsoho mai sanda ya yi sallama. Babu wanda ya san shi. Ya gaya wa mijina cewa shi akawun kotu ne a Legas, tare suka yi aiki da marigayi, yanzu a Masaka yake zaune wurin ɗansa. Mijina ya ce ikon Allah, ga Masaka ga nan, amma ba mu taɓa ganinsa ba.

“Shi ya hana ni,” in ji tsohon. “Shi yake zuwa wurina. Ya ce kada in taka gidan nan sai na ji ya mutu. Ya ce yana da jika da yake kira uwarsa, ba ta magana da baki, in zo in yi mata ta'aziyya ita kanta. Iyakar abin da ya gaya mini ke nan. Na sha ganin zai ɗauko zancenta, sai ya cusa goro a baki ya zauna yana hawaye kamar mai yanka albasa. Ya ce duk Abuja ni kaɗai na rage masa.”

Mijina ya shigo da shi falo inda mata suke. Ya ajiye sandar, ya zauna a ƙasa da ƙyar, daidai gaban kujerar Ummi. Goggo ta matso don ta taimaka. “Malam, idan ka ga ta ɗaga…”

“Hajiya, don Allah,” ya ce, ya ɗaga mata hannu. “Mutumin nan ya sha wuya kafin ya ɓoye mini. Kada ki ɓata masa aiki.”

Goggo ta ja baya. Ya dubi Ummi, ita ma ta dube shi.

“Ke ce uwar abokina?”

Ya jira, irin jiran wanda ya saba zama a kotu. Ummi ta ɗaga ido sama. Ya yi ɗan tunani, bai tabbata ba.

“To ni fa, akuya ne?”

Bakinta ya motsa, karo na farko tun ranar Talata. Ta sunkuyar da kai gefe.

“Madalla. Na gode da wannan shaida.” Ya gyara zama. “Kin san ya rasu?”

Ido ya hau sama, ya daɗe a can.

Tun ranar rasuwar ake tambayarmu yaya haƙuri, muna amsawa da godiya ga Allah, mu tambayi na gaba shi ma ya amsa haka. Babu wanda ya tambaye ta. Tsohon ya rage murya ya ce, “Kin haƙura?”

Ta daɗe. Na damƙe gefen zanina. Sannan kan ya sauka a hankali har haɓa ta taɓa kafaɗa. Wata baƙuwa a bayana ta fara cewa Allah sarki, kunya take ji, sai Goggo ta dafe mata gwiwa.

“Ta ce a'a,” in ji tsohon, bai dubi kowa a cikinmu ba. Ya share ido da hannun riga. “Ni ma haka, Hajiya babba. Za mu haƙura in sha Allahu, amma ba yau ba. Ko ba haka ba?”

Ummi ta ɗaga ido sama.

A nan na yi kukan da ban samu na yi ba tun da aka fita da shi. Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata maka makwanci, ya haɗa ka da mahaifiyarka ta farko cikin rahama. Ta biyun tana nan lafiya. An ji ta, kuma ba ka cikin ɗakin.